Duwatsun Murhun da Na Kai New York

Shekarar da aka canja takardun naira, mutane suka riƙa wuni a ƙofar banki suna komawa gida hannu wofi, ita ce shekarar da na je New York. Tun da na dawo ban huta ba. A bakin coci a tare ni, a kasuwar Malumfashi a tare ni, a ajinmu na yaƙi da jahilci ma malama takan ajiye alli ta ce in ba su labari. Kowa ya ji kuma sai ya ƙara nasa, har na ji ana cewa wai Turawa sun tsare ni saboda na shiga ƙasarsu da tsafi. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna, a hankali, don wanda ya tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Yohanna, manomi ne ni, kuma ina taya katakis ɗinmu koyar da manya masu shirin baftisma. Ɗan farina ne yake New York. Ba na kama sunansa, kamar yadda ubana bai taɓa kama na yayana ba, don haka a nan zan kira shi Direba, sunan da mutanen garinmu suka sa masa tun da suka ji bas yake tuƙawa a can. Matarsa Saratu nas ce. Tun tana da ciki suka fara nema mini biza don in zo in ga abin da za a samu. Aka samu mace, aka sa mata sunan marigayiya matata. Direba ba zai iya faɗin sunan uwarsa ba, sai yake kiran jaririyar Mama. Ni kuwa tun a waya na ce amaryata ce.

Ana saura kaɗan in tashi, Saratu ta kira ni ita kaɗai. Ta daɗe tana gaisuwa, na gane akwai magana. Ta ce Direba ya ce ba za a yi wa yarinya baftisma ba. Wai ya yi ta sauraron masu bincike a waya, ya gano cewa maganar Triniti, wato Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba a san ta ba sai da wani sarkin Rum ya tara bishop-bishop suka ƙulla ta, shekara ɗari uku bayan Yesu. Ya daina zuwa coci. Ita kuma ba za ta ɗauki ’yarsa ta kai a ɓoye ba, kuma hankalinta ya ƙi kwanciya da yarinya a haka. Ta ce magana ta ƙare a gidan, sai gaisuwa kawai.

Na ce mata ina da magani. Maganin da nake nufi murhu ne. Da shi tsohon katakis ya koya mini Triniti lokacin da na bar addinin gidanmu, da shi ni ma na koya wa mutane da yawa: dutse uku, murhu ɗaya, cire ɗaya tukunya ta kife. Ban taɓa ganin wanda ya ji wannan bai gyaɗa kai ba. Na shiga madafar marigayiya, wadda ba a hura wuta a cikinta ba tun rasuwarta, na sa guduma na ɓalli guntu daga kowane dutse, kamar dunƙulen hannu, na naɗe su a tsohon zanenta. Na ce in ya ga duwatsun da aka dama masa kunu a kansu, zuciyarsa za ta yi laushi kafin in buɗe baki.

Ruwan fari ya sauka ana gobe zan tafi. Manomi kaɗai ya san abin da na ji da ƙamshin ƙasar nan ya bugi hancina ina ɗaure jaka. Ƙanena Tanko ya ce in tafi, zai shuka mini in ya gama tasa. Daga Funtuwa zuwa Zariya zuwa Kaduna zuwa Abuja, duk inda na leƙa ta taga mutane ne a duƙe da ƙwaryar iri, ni kaɗai nake gudun damina.

Jirgi bai ba ni tsoro yadda aka ce ba, sai dai kunnuwana da suka toshe. Muka sauka a wani gari wai shi Istanbul, a ƙasar Turkiyya, don canja jirgi. A nan na ga amfanin ajinmu. Babu mai jin Hausa, amma na tsaya gaban wani babban allo mai haske, na bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya har na tsinci New York da lambar ƙofa, na nemi ƙofar da kaina. Akwai ƙasa mai tafiya da mutum, na hau da addu’a na sauka da tuntuɓe. A makewayi kuma famfo ya ƙi buɗewa, na murɗa, na danna, sai da na haƙura na kai hannu ƙasa sannan ruwa ya zubo don kansa. Murnar wannan ce ta sa na wanke fuska na fito na bar hulata ta zuwa coci a kan madubi. Sai da jirgi ya tashi na ji iska a kaina.

A filin jirgin New York, wanda ake kira JFK, wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata kamar an aiko shi. Aka kai ni gefe. Allah ya kawo wani mutumin Maraɗi mai tura keken marasa lafiya, ya ji ina salati da Hausa, ya tsaya ya zama mini tafinta. Kilishin da na sayo wa Saratu shi aka fara ɗaukewa, wai nama ba ya shiga. Daddawa kuwa ma’aikaciyar da ke binciken kayan ta buɗe, ta ja da baya, ta rufe, ta mayar mini da sauri. Sai ta kwance zane ta ga duwatsu baƙi ƙirin. Ta tambayi na mene ne, na ce na girki ne. Mutumin Maraɗi ya dube ni ya ce in faɗa masa gaskiya shi dai, na ce gaskiyar ke nan. Matar ta ƙwanƙwasa na farko, ta ƙwanƙwasa na biyu, na uku ta sa farce ta kankara, sai ga ƙasa tana zuba. Ashe na ukun ba dutse ba ne, tubali ne da wuta ta gasa shekara da shekaru, ni kaina ban sani ba. Ƙasar wani wuri kuma ba ta shiga Amurka. Aka jefa shi inda aka jefa kilishi. Wannan shi ne duk tsafin da kuka ji.

Direba yana jirana a waje, shi da Saratu da jaririyar. Ya durƙusa har ƙasa a gaban mutane, ni kuma na kau da kai na tambayi Saratu yadda hanya take, kamar yadda ya kamata. Na karɓi amaryata, na ce mata ta yi mini ƙiba, da wa take cin abincina.

Gidansu yana unguwar Bronx, kusa da wani babban titin kasuwa da ake kira Fordham. Ɗakuna ne a kan ɗakuna, ana hawa da lif. Washegari na shiga lif ɗin na gai da kowa, na tambayi kwanan iyali da ’yan kalmomin Turancin da nake da su, sai kowa ya sa ido a rufi. Wata tsohuwa ce kaɗai ta amsa, daga baya muka saba, tana nuna mini karenta mai riga, ina nuna mata hoton awakina. Mutanen garin suna cin abinci suna tafiya, suna shan shayi suna gudu. Rana kuma ba ta san lokacin faɗuwa ba, sai in ji yunwar tuwo in leƙa in ga gari da haske kamar la’asar. Tuwon Saratu na garin shinkafa ne, a kan murhun gas mai baki huɗu, babu dutse ko ɗaya. An ba ni wani burodi mai rami a tsakiya, mai tauri kamar igiyar guga, na ci don kunya. Wanda ake shimfiɗa wa cuku da tumatir kuwa na so shi, ba zan ɓoye ba. Mas ɗinsu, wato sujadar coci, gajere ne, ba rawa wajen ba da baikon kuɗi, kafin ka gyara zama an sallame ku. Ni da Saratu muka je, Direba ya ce yana da aiki.

Ban yi gaggawa ba. Na bar kwanaki suka wuce, na je wani lambun gwamnati kusa da gida na tsinci dutse daidai girman nawa, na wanke shi. Matsalata ita ce yadda zan yi maganar. A gida da ƙanena zan aika, don uba ba ya zama ya yi gardama da ɗan fari ido da ido. A nan babu Tanko. Sai na ga ai ga amarya.

Wata Lahadi bayan mun ci abinci, ina ganin Direba zai tashi, na kwance zanen a kan tebur, na jera duwatsun, na ɗora ƙaramar tukunya a kai. Yarinya tana cinyar uwarta. Na ce, “Amarya, kin ga murhun mai sunanki. Dutse uku ne, amma murhu ɗaya. Haka Allahnmu yake.” Na zare ɗaya, tukunya ta karkace.

Direba ya koma ya zauna. Ya daɗe yana kallon baƙaƙen duwatsun nan biyu. Ya ɗauki ɗaya ya kai hanci, ya ajiye a hankali. Sannan ya kama ɗan yatsan yarinya ya ce, “Mama, tambayi mijinki, dutse ɗaya murhu ne, ko sulusin murhu?”

Na ce, “Amarya, ce masa sulusi ne.”

Ya ce, “To, Mama, Yesu sulusin Allah ne ke nan? Kuma na ukun nan ai ɗan Amurka ne, shekaranjiya aka tsinto shi a lambu aka ba shi aiki.”

Saratu ta rufe baki da gyale, dariya ta ƙwace mata. Ni ma na yi murmushi. Ya ci gaba da gaya wa yarinyar, cikin ladabi, cewa shi bai ce babu Allah ba. Abin da ya ƙona masa rai shi ne an koya masa abin kamar daga sama ya faɗo a kammale, ashe taro aka yi, da sarki, da rigima. Ya ce ba zai tsaya gaban jama’a ya ce ya gaskata ba, alhali bai gaskata ba. Ya ɗauki jakarsa ya tafi aiki. Na naɗe duwatsuna.

Da rana idan kowa ya fita nakan sauka in zauna a shagon Alhaji Sule, mutumin zangon Kumasi, mai sayar da garin masara da man ja da busasshen kifi. Hausarsa daban, tawa daban, kullum muna yi wa juna dariya. Na ba shi labari. Ya ce su dai ba su da wannan ciwon kai, ɗaya ɗaya ne, in na shirya ga masallaci nan bayan layi. Na ce in ya shirya shi ma ga ruwan baftisma nan. Da muka gama tsokana sai ya ce, “Malam Yohanna, yaron da ya ƙi yin ƙarya a ɗakin Allah ba lalatacce ba ne. Kada ka matsa masa.” Sannan ya ce akwai wani malaminmu da yake zuwa sayen yaji, in jira shi.

Malamin shi ne Fada Luka, mutumin Filato, yana karatu a can, yana kuma taimakawa a wani coci. Hausa a bakinsa kamar ruwa. Alhaji ya ba mu benci a bayan buhuna, ya kawo shayi, muka yi zama ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Na fara da tambayar ko gaskiya ne an yi taron. Na so ya ce ƙarya ce. Ya ce an yi, kuma sarki ne ya kira. Na nuna masa duwatsu, ya ce Direba ya yi daidai, Uba ba sulusi ba ne, Ɗa ba sulusi ba ne, kowannensu Allah ne cikakke, kuma ba a cire ɗaya a sa wani. Na ce to ga sabon misali da na yi tunani a hanya: jikata mutum ɗaya ce, amma uwa ce ga Direba, ’ya ce ga Saratu, amarya ce gare ni. Fada ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya ce wannan ma an riga ni, wasu sun koyar da shi a Rum tun kafin a haifi kakan sarkin nan, cewa mutum ɗaya ne yake canja riga, aka ƙi. Domin in haka ne, wa Yesu yake roƙo sa’ad da ya durƙusa yana addu’a? Alhaji daga bayan kanta ya ce shi ma tambayarsa ke nan tun yana saurayi.

Daga nan Fada ya ɗauko mini abin daga tushe, ga yadda na riƙe shi. Masu bi na farko Yahudawa ne, kuma sun fi kowa tsayawa a kan Allah ɗaya ne. Duk da haka suna yi wa Yesu sujada, suna yi wa mutane baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba su tsaya neman bayani ba, don a lokacin ana farautarsu. Da aka daɗe mutane suka fara tambaya. Wani marubuci a arewacin Afirka, inda Tunisiya take yau, shi ya fara amfani da kalmar da ta zama Triniti, fiye da shekara ɗari kafin taron sarki. Bayan haka wani firist, wato fada, a Iskandariya ta Masar ya ce Ɗa halitta ne, mafi girman halitta, amma akwai lokacin da babu shi. Mutum ne mai baki, har waƙa ya sa maganar, masu jirgin ruwa da masu niƙa suna rerawa. Rigima ta kama gari da gari. Sarki yana son ƙasarsa ta zauna lafiya, shi ne ya tara bishop-bishop a garin Nikiya, wasunsu da tabon azabar da sarakunan baya suka yi musu. Suka ce a’a, Ɗa haifaffe ne ba halittacce ba, ainihinsa ɗaya da Uba. Hujjarsu kuwa, in halitta ne, to, duk shekarun nan gunki suke yi wa sujada, kuma halitta ba ta ceton halitta.

Na ce shi ke nan sai aka huta. Ya ce ina. An ƙara fiye da shekara hamsin ana ja. Sarakunan da suka biyo baya da yawa sun koma bayan ɗaya ɓangaren, bishop ɗin Iskandariya da ya tsaya a kan maganar Nikiya an yi ta korarsa daga garinsa yana dawowa. Bai ɓoye mini ba cewa an yi abin kunya ta kowane gefe, an kori mutane, an doke su, an ƙona littattafai. Sai wasu bishop uku, biyu wa da ƙane, ɗaya abokinsu, suka daidaita kalmomin: ainihi ɗaya, amma uku ne da ba sa rikiɗewa su zama juna. Aka kuma tambaya game da Ruhu, suka ce mu duba da sunan wa ake yi mana baftisma. Aka sake taro a babban birnin sarki aka ƙarasa. Ya tambaye ni ta ina jirgina ya biyo, na ce Istanbul. Ya ce ai shi ne birnin, Nikiya ma ba ta da nisa da shi. Na ce ashe hulata tana wuri mai tarihi.

Kafin mu rabu ya gaya mini abu ɗaya da ban sani ba. Ya ce a tsarin baftismar jarirai, in ɗaya daga cikin iyaye ba zai iya furta bangaskiya ba, yana iya yin shiru. Abin da ake bukata kawai ya yarda a reni yarinya a cikinta.

Na yi kwanaki ina juya wannan. Ranar komawata tana matsowa, Saratu tana kallona ba ta tambaya. A wannan makon ne hayaƙin wata gobarar daji daga Kanada ya rufe garin. Da tsakar rana sama ta koma launin man ja, ko’ina ƙauri kamar ana ƙona sassabe, mutane duk sun rufe hanci. Saratu ta ce kada in fita. Na ce zan leƙa Alhaji, amma tashar bas na nufa, don na riga na haddace lambar motar Direba da layinsa. Na bar motoci suna wucewa har tasa ta zo. Ya gan ni, na zauna a kujerar bayansa. Na ga yadda yake sauke wa mai keken guragu matakala, yadda wani ya zage shi ya yi kamar bai ji ba. Ban taɓa ganinsa a bakin aiki ba sai ranar.

A ƙarshen layi kowa ya sauka, ya kashe mota don ɗan hutunsu. Babu amarya, amma shi yana kallon gaba, ni ma ina kallon gaba, sai na ga za a iya.

Na ce na bincika, maganar taro gaskiya ce, ban sani ba. Maganar murhu kuma na ajiye ta. Ya ɗan motsa a kujera. Na ce ko ana tuna gonarmu ta bakin rafi, shekarar da garmar maƙwabta ta fara cin gefenta, mai unguwa ya tara dattawa aka zaga aka shuka gamba a kan iyaka. Ya ce ana tunawa. Na ce, “Ranar aka yi gonar?”

Ya ce, “A’a, Baba. Amma na tuna an kai wa mai unguwa akuya.”

Na ce an kai, kuma daga baya ma ya so ya matsar da gambar, tsofaffin da suka san inda iyayensu suka yi huɗa suka ƙi. Na ba shi labarin sarakunan da suka juya baya da bishop ɗin da aka yi ta kora. Na ce ban san ko kowane tushen gamba ya zauna daidai ba, ni ba mai karatu ba ne sosai. Abin da na gane shi ne an daɗe ana noma wurin kafin a sa iyaka, ruwan baftisma ya riga bayanin.

Ya ce wannan bai sa ya yarda ba. Na ce ban zo karɓar yarda ba. Ni kaina da misalin da bai tsaya ba aka yi mini baftisma, na kuma koya wa wasu da shi, ban ga Allah ya kore mu ba. Na gaya masa abin da Fada ya ce game da shiru. Na ce babu mai sa shi ƙarya, ni ma ba zan so ba. Amma akwai mace a gida da ta ƙi bin bayansa ta yi abin da take ganin ceton ’yarta ne, saboda girmansa da take gani, ya kamata a duba ta. Lokacinsa ya cika, ya tada mota. Muka dawo.

Kwana biyu suka wuce. Na fara shirya jaka. Sai wata safiya ya dawo daga aiki, ya ɗauki yarinya ya ɗaga ta sama, ni ina shan koko, Saratu tana madafa. Ya ce, “Mama, gaya wa mijinki ya nemo farar riga. Amma ki gaya masa ni ba zan buɗe baki ba.” Na ji ludayi ya faɗi a madafa. Na ce, “Amarya, ce masa an ji.”

Fada Luka ne ya yi baftismar, a Lahadin ƙarshe kafin in taso. Ya yi tambayoyin nan uku, na Uba, na Ɗa, na Ruhu Mai Tsarki. Ni da Saratu da matar da ta tsaya uwar baftisma muka amsa. Direba yana tsaye riƙe da yarinya, bakinsa a rufe, kansa a ɗage. Aka zuba ruwa sau uku, amarya ta tsala kuka a na ƙarshe. Kafin a miƙo tawul sai na ga ya zaro zanen uwarsa daga aljihun kwat, wanda na naɗo duwatsu a ciki, ya goge mata kai. Ban san lokacin da ya ɗauke shi ba. Alhaji Sule bai shiga coci ba, amma ya aiko da shinkafa, ya kuma zo gida ya ci ya yi wa yarinya addu’a irin tasu.

Dutsen Amurka na mayar da shi lambun da na tsince shi. Baƙaƙen biyu Direba ya ɗora su a bakin taga, bai tambaye ni ba, ni ma ban tambaye shi ba. Har yau ba ya shiga Mas. Saratu ta ce yakan kai su ƙofar coci, ya wuce shagon Alhaji su yi ta gardama har a tashi, ya dawo ya ɗauke su. Ta ce magana ta dawo gidan.

Na dawo na tarar Tanko ya shuka mini gonar gida a kan kari, ta tudu kuwa sai da ya makara, geronta bai yi ido ba. Masu shirin baftisma kuma yanzu idan mun zo kan Triniti ba na aika a kawo duwatsu. Ina ba su labarin tun daga farko, da taron, da korar, da duka. Yana ɗaukar lokaci, kuma ba sa gyaɗa kai da sauri kamar dā. Wasu sai su yi tambayar da ba ni da amsarta, in ce su bari Fada ya zo.

Masu tambayar abin da tafiyar ta ci mini, ga shi. Hula ɗaya a Istanbul. Ƙunshin kilishi ɗaya da guntun tubali ɗaya a JFK. Geron gonar tudu. Da misalin murhu, wanda na fi shekara ashirin ina koyarwa da shi. Duwatsu biyu da zane ɗaya suna Bronx, amma su ban sa su cikin asara ba.